A Bakin Igiyar da Ta Rage

Babu wanda ya ce Mansir ya rantse. Wannan shi ne abin da ke ba ni haushi duk lokacin da na tuna labarinsa. An riga an gama sulhu, surukinsa ya riga ya ce Sauda ta tashi ta haɗa kayanta ta bi mijinta, har an ɗaga hannu za a shafa fatiha, sai bakin Mansir ya ƙi zama.

Mansir mai wankin hula ne a Gwallaga, yana da ɗan shago a bakin layi wanda in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya tsaya a ƙofa. Hannunsa na da albarka, in ya wanke maka tsohuwar hula ya sa mata sitaci ya goge, sai ka rantse jiya aka ɗinka ta. Ba ya shaye-shaye, ba ya neman mata, ba ya wasa da salla. Cacar ƙwallo ce kawai ta kama shi, irin wadda ake bugawa a waya, amma kamun da ta yi masa ba na wasa ba ne. A kanta ya tsinka igiya biyu daga cikin ukun aurensa. Ta farko cikin fushi ya tsinka ta, ranar da Sauda ta ɓoye masa waya a cikin buhun gero. Ta biyu ita ta tsaya a kan sai ya sake ta, bayan ta dawo daga gidan suna ta tarar babu firjin da take sayar da zoɓo da ƙanƙara. Ta goya 'yarsu Ni'ima ta tafi gidan iyayenta a Inkil, ta bar shi da zarya da tura dattawa biko.

To, ranar da bikon ya yi nasara, a zauren mahaifinta, Mansir ya gyara durƙuso ya ce:

"Baba, ku zama shaida. In na sake buga caca, ko ta sisin kwabo ce, a bakin igiyar da ta rage."

Tsohon ya sauke hannunsa ya ce masa kai yaro, ba a wasa da irin wannan magana. Mansir ya ce ba wasa yake ba. Usama, yayan Sauda, wanda tun safe ya haɗe rai, a nan ne ya fara sakin fuska. Sauda kuwa tana bayan labule ta ji komai, ta yi kuka mai isarta, kuma a kan wannan kalmar ta koma ɗakinta da zuciya ɗaya.

Kuma a yi masa adalci, ya riƙe. Ya sayar da babbar wayarsa ya sayi ƙarama mai tocila, ya daina bi ta layin gidan kallon ƙwallo ko da zai zagaya ta bayan makabarta. Azumi ya zo ya wuce, wani ya sake zagayowa, bai taɓa ba. Ya saya wa Sauda wani firjin, na hannu ne amma yana sanyi. Ya yi ƙiba har maƙwabta na tsokanarsa cewa sitacin hula yake sha.

Goman ƙarshe na azumi shi ne kakar mai wankin hula. Kowa a garin Bauchi sai a lokacin yake tuna yana da kai. Huluna suka cika shagon Mansir har rufi, kuɗi na shigowa ta hannu da ta waya, ga yunwa, ga zafin da ke narkar da mutum, ga ƙarancin barci. Wata Asabar bayan la'asar yana tsaye yana guga sai ga Chimezie, mai shagon cajin waya da ke jikin nasa. Chimezie mutumin kirki ne, a Bauchi ya girma, in azumi ya zo ba ya ko shan ruwa a gaban maƙwabtansa. Yana ɗan buga cacarsa jefi-jefi kamar yadda wani ke cin goro, ba ta taɓa hana shi barci ba. Bai san komai game da zaman da aka yi a Inkil ba, don ba maganar da ake yi a bakin titi ba ce.

Ya miƙo wayarsa ya ce, "Mansir, duba mini wannan, kai ne ka san ƙwallo. Na zaɓa su amma zuciyata bai kwanta ba."

Mansir ya ce hannunsa da aiki. Amma idonsa ya riga ya sauka a kan fuskar wayar, ya ga jerin wasannin, ya kuma ga kuskure biyu a zaɓin Chimezie waɗanda ko makaho ba zai yi ba. Ya ce wa kansa ba da shawara ai ba caca ba ce. Ya ajiye dutsen guga ya gyara masa zaɓin tsaf, yana bayani, muryarsa na ƙara ƙarfi, wani daɗi da ya daɗe bai ji ba yana taso masa tun daga tafin ƙafa. Da suka gama, tikitin cacar ya yi kyau a idonsa har ya ji ba zai iya barinsa ya tafi shi kaɗai ba. Ya laluba aljihu ya zaro 'yar takardar kuɗi, wadda ko kwanon ƙosai ba za ta cika ba, ya ce, "Ɗora wannan a kai."

Chimezie ya ɗora, ya danna, ya koma shagonsa. Mansir ya ɗauki dutsen guga ya ci gaba da aiki.

Ba sai an gaya masa abin da ya yi ba. Tun kafin a kira magariba ya riga ya jera wa kansa hujjoji kamar lauya: ba wayarsa ba ce, ba shi ya danna ba, ba da sunansa aka buga ba, kuɗin ma ba su taka kara sun karya ba. Kowace hujja in ya ɗora ta sai ya ji muryarsa ta zauren Inkil tana cewa ko ta sisin kwabo ce. Ya yi ta addu'a a ransa Allah Ya sa tikitin ya faɗi, kamar faɗuwar za ta goge bugawar. A ƙasan wannan addu'ar kuma akwai wata da yake jin kunyar Allah Ya ji ta, ta son ya ci.

Ya ci kuwa. Washegari da hantsi Chimezie ya shigo yana dariya har kunne, ya rungume shi, ya ce wasannin duka sun shiga, ga rabonsa. Abin da Mansir bai taɓa yafe wa kansa ba shi ne, kafin tsoro ya iso, murna ce ta fara zuwa. Sai da ya ji zuciyarsa ta yi tsalle, sannan tsoron ya biyo baya. Ya ture hannun Chimezie ya ce ba ya so, ya riƙe duka. Chimezie ya ɗauka kunyar azumi ce, ya ce babu damuwa, zai ajiye masa.

Daga ranar Mansir bai sake kwana a gida ba. Ya ce wa Sauda aiki ya yi yawa, zai riƙa kwana a shago har Salla, kuma ba ta yi mamaki ba don ko bara haka aka yi. Gaskiyar ita ce bai san ko matarsa ce ba. In maganar da ya yi ta tabbata, to tun la'asar ɗin Asabar Sauda ta haramta gare shi, haramcin da babu biko a bayansa, ita kuma tana can tana kirɓa gyaɗar kunu ba ta sani ba. Kullum gab da shan ruwa takan yafa mayafi ta kawo masa kunu da ƙosai da kanta, tun da gidan babu nisa. Ta tsaya a ƙofar shago tana ba shi labarin ɗinkin Ni'ima da telan da ke mata yawo da hankali, shi kuwa idonsa na kan hula, yana karɓar kwano da dabara don kada yatsunsu su haɗu. Ta ce masa ya rame. Ya ce azumi ne.

Ba azumi ba ne. Abincin ba ya wuce masa wuya, barci kuma ya ƙaurace masa gaba ɗaya. Ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa turmi, wani lokaci numfashi ya tsaya masa sai ya fita waje ya dafa bango. In ya kabbara salla sai ya manta raka'ar da yake. Mutumin da bai taɓa ƙona hular kowa ba, sai ga shi ya ƙona hular zanna ta wani Alhaji, ya tsaya yana kallon hayaƙi na tashi bai ɗaga dutsen ba. Chimezie ne ya jiyo ƙauri ya shigo ya fizge. Ya dube shi da kyau ya ce wannan ba gajiya ba ce, matarsa Nkechi tana aiki a kemis, ta ce akwai likitocin da ke duba damuwa da irin wannan rashin barci, ya kamata ya je. Mansir ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Chimezie ya ce shi ma bai ce haka ba, ya fita jiki a sanyaye.

Sai Mansir ya shiga neman fatawa, kuma irin neman da ɗan caca kaɗai zai yi, wato a yi ta gwadawa ko za a dace. Ya fara da limamin masallacin layinsu, dattijon da ya raɗa wa Ni'ima suna. Bayan azahar ya tsuguna gabansa ya ce wani abokinsa ne ya shiga matsala, ya zayyana komai, ya fi jaddada cewa ba abokin ne ya danna wayar ba. Liman ya tambaye shi, in ka ba mutum kuɗi ya sayo maka goro, goron na wane ne? Liman ya ce a abin da suka karanta a gaban malamansu, wanda ya rataya saki a kan wani aiki, ranar da ya aikata sakin ya auku, babu wata kwana-kwana. Sannan ya daɗe yana kallon Mansir, ya ce ya gaishe da abokin nasa, ya ce masa ya ji tsoron Allah kada ya zauna da 'yar mutane a kan shakka. Mansir ya fito yana jin kamar duk layin sun ji, har mai rake da ke gefen masallaci bai iya yi wa sallama ba.

Ana jajiberin Salla ya rufe shago da rana tsaka, huluna na jiran masu su, ya hau mashin zuwa Miri, inda aka ce akwai wani matashin malami da ya yi karatu a waje, kuma inda babu wanda ya san fuskarsa. Ya same shi a gindin bishiya a ƙofar gida, ya sake karanto labarin aboki. Malamin ya ce lallai akwai saɓani. Akwai manyan malamai da suka ce a duba niyya. In mutum ya faɗi maganar ne kawai don ya tsorata kansa ko ya gamsar da mutane, alhali a ransa ba ya nufin rabuwa ko da ya karya, to rantsuwa ce, sai ya yi kaffara ya ciyar da miskinai, aurensa na nan. In kuwa a lokacin da gaske ya nufi cewa in ya koma matar ta tafi, to ta tafi.

"Saboda haka ka tambayi abokinka," in ji malamin, "ranar da ya faɗa, me ke ransa? Shi da Allah ne kaɗai suka sani."

Ga ƙofa an buɗe masa, wadda ya yi ta nema. Kalma ɗaya ce, ya ce barazana ce, ya auna hatsi ya raba, ya koma gida ya ci tuwon Salla. Amma Mansir ya san abin da ke ransa a zauren Inkil. Ya yi wa Sauda ƙarya iri-iri a zamansu, ta kuɗin cefane, ta inda ya kwana, ta firji da ya ce ɓarayi ne. Wannan magana guda ita ce bai yi ƙarya a cikinta ba. Ranar ya dubi labulen da take bayansa ya ce a ransa, in na sake jefa baiwar Allah nan a wannan wahala, gara ta tsira daga gare ni har abada. Da zuciyarsa duka ya faɗa.

Bai hau mashin ba da ya fito. Ya tako har bakin babban titin Jos ya tsaya, manyan motoci na wucewa da gudu, iskarsu na kaɗa masa riga. Ya daɗe a wurin, yana tunanin da ba ya son ya kira sunansa, na cewa in babu shi babu sauran tambaya, Sauda ta yi takaba a matsayin matar aure, babu wanda zai ji komai. Tunanin ya zo masa da sauƙi, sauƙin ne ma ya firgita shi har ya ja da baya ya zauna a kan dakalin wani mai faci. Aka kira magariba, mai facin ya miƙo masa dabino da ledar ruwa ba tare da ya tambaye shi ko wane ne ba. Ya karɓa ya ci yana hawaye, mutumin ya kau da kai ya ci gaba da alwala.

Ranar Salla ya je idi da tsohuwar riga, ya tsaya a sahun baya yana ganin hulunan da ya wanke a kawunan mutane, kowa fes, ana ta gaisawa da yafe wa juna. Da aka watse babu sauran aikin da zai fake da shi, ƙafafunsa suka kawo shi gida.

Tsakar gidan a share take, ƙamshin miya ya cika ko'ina. An tafi da Ni'ima yawon Salla gidan maƙwabta. A gindin murhu ya ga kaji biyu manya ɗaure da ƙafa, da ransu, an ajiye musu ruwa a murfin tukunya. Sauda na zaune a ƙofar ɗaki cikin sabuwar atamfa, ta sha lalle da kitso, ko ɗankwali ba ta ɗaura ba tukuna. Ta yi masa barka da Salla, ya amsa yana daga tsaye nesa da ita.

Ba ta yi hayaniya ba. Ta gaya masa Nkechi ce ta kawo kajin shekaranjiya, da fara'arta, ta ce Chimezie ya rasa yadda zai yi da rabon Mansir na wasan da suka ci tun da ya ƙi karɓa, shi ne ya ce a sayo wa madam kajin Salla. Ta ce ta yi godiya, ta raka ta har ƙofa, ta dawo ta zauna a inda take zaune yanzu. Ba ta yanka ba, ba ta kuma mayar ba, don matar ba ta san abin da ta kawo ba. Ta ce a nan ne ta gane dalilin da ya sa yake karɓar kwanon kunu kamar mai karɓar garwashi.

Mansir ya durƙusa a inda yake. Kunya ta hana shi ɗaga kai, ya so ƙasa ta tsage. Ya fara cewa ba shi ya danna ba, sai maganar ta mutu a bakinsa.

Sauda ta ce ita ma ba ta zauna ba. Ta tambayi malamarsu ta Islamiyya, ita ma da sunan wata ƙawa, an kuma gaya mata maganar niyya. Babu wanda ta sanar, ko Yaya Usama.

"Abban Ni'ima, ba na son in tafi, wallahi ba na so. Shekarar nan ita ce mafi daɗi da na yi a gidan nan. Abu ɗaya zan tambaye ka, duk abin da ka ce kuma zan yarda, ba zan sake tayar da maganar ba. Ranar da ka faɗa a gaban Baba, da gaske kake, ko don a ba ka ni ne?"

Ya ɗago ya dube ta. Idonta roƙonsa yake, ya gani sarai, roƙo take ya yi mata ƙarya guda ɗaya tak, ita kuma za ta riƙe ta har mutuwa. Zai iya. Ya san yadda ake yi, ya ƙware. Amma in ya ce wasa ne, to kukan da ta yi a bayan labule a kan iska ta yi shi, dawowarta ma a kan iska, kuma duk wayewar gari zai riƙa kallonta yana tambayar kansa ko halal yake ci.

"Da gaske nake, Sauda," ya ce. "Ban taɓa faɗin abin da ya kai shi gaskiya ba."

Ta gyaɗa kai a hankali, hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. Daga waje ana jiyo yara na wucewa da ganga da dariya. Ta ce masa bayan Salla ya je wurin likitan da Nkechi ta yi mata maganarsa, ba don ita ba, don Ni'ima na bukatar uba mai rai. Ya ce to. Ta ce ta zuba masa abinci yana cikin kula a kan tabarma, ya ci, ya kwana biyu bai ci ba.

Sannan ta miƙa hannu bayan ƙofa ta jawo mayafinta, ta rufe kitson da ta yi dominsa, ta ja shi har goshi kamar yadda take yi in baƙo ya yi sallama.